Gwiwar da Mushe Roni Bai Taɓa Ba

Gwiwar Harisu ta hagu ta lalace ran Talata a wurin atisaye, wasan kofin ƙwallo da 'yan gawayin Anu Araren kuwa ran Lahadi ne. Duk faɗin Arlit babu wanda ya sani sai shi da matarsa Zinatu.

Da hantsin Lahadin tana durƙushe a gabansa a tsakar gida, da tsumma da kwanon ruwan zafi, tana gasa masa. Gwiwar ta kumbura ta yi sumul, tana sheƙi kamar ƙwaryar da aka shafa wa mai. In ta danna da yatsa sai wurin ya lotsa, ya jima bai taso ba.

"Maigida, wannan fa ba targaɗe ba ne," in ji ta.

"Yaushe kika zama likita?"

"Ba sai na zama likita ba, ina da ido. Jiya da za ka kewaya, bango ka riƙa dafawa kamar tsoho. Ka je ka nuna wa Nasaran nan mai horar da ku. An ce shi ma ƙafa ce ta raba shi da wasa, zai ji tausayinka."

"Tausayin nasa nake gudu," in ji Harisu.

Wanda bai zauna Arlit a shekarun da kuɗin yuraniyom ke ambaliya ba, ba zai gane wannan magana ba. A lokacin kamfani ne uwa, kamfani ne uba. Gidaje nasa, asibiti nasa, kanti nasa, wuta da ruwan famfo a tsakiyar hamada duk nasa, har da ƙungiyar ƙwallo. Amma kamfani ba ya ɗaukar mutum don ƙwallo kaɗai. Kowane ɗan wasa yana da aikinsa na ainihi, na Harisu kuwa fasa dutse ne a cikin rami. Don yana cin raga aka tsamo shi daga can aka ajiye shi a magaze, ɗakin ajiyar kayan aiki, yana zaune a inuwa yana miƙa wa masu shiga rami takalma da hulunan kwano, da la'asar ya tafi fili. Ranar da ya daina cin raga, ranar zai ɗauki hula ɗaya ya kifa wa kansa.

Ga shi ya haura talatin. Ga shi kuma shugaban ma'aikata, Mushe Zayyadu, wato Malam Zayyadu a Faransance, ya faɗa a gaban kowa cewa bana za a kawo sababbin 'yan wasa daga Yamai, kuma shi da kansa zai zauna a rumfa ran Lahadi ya ga wa zai ci gaba da wasa, wa zai koma bakin aikinsa.

"Rami dai ba kabari ba ne," in ji Zinatu, tana matse tsumma. "Kullum mutane na shiga suna fitowa."

"Yaya Ahmudu ma ai ya fito."

Ta mai da tsumman cikin ruwan zafi. Ahmudu wansa ne, shi ya kawo shi Arlit daga Damagaram. Ya yi shekaru riƙe da injin fasa dutse, ya koma gida yana tari, ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Bara aka binne shi. An ce taba ce ta kashe shi. Ahmudu ko goro ba ya ci, balle taba.

Harisu ya lallaɓa ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet, ƙafar hagu na reto a gefe, ya fita daga unguwar ma'aikata ya nufi Bukoki, inda talakawan da kamfani bai ɗauka ba suka kafa rumfunan gwangwani da kwali. Can Hamadi maƙeri yake, wani Buzu mai bakin tsiya, matarsa Mina kuwa dukanci take yi, ita ke ɗinka wa rabin garin kube da laya.

"A'a, mai cin raga da kansa!" in ji Hamadi, bai daina zuga wuta ba. "Yau rana ta wasa kana yawo? Ko takobi kake so, ka yanka 'yan gawayi tun ba su sauka mota ba?"

Harisu ya zauna a kan turmi, ya janye wando. Hamadi ya saki zugazugi.

"Wallahi ruwa ne a ciki. Bari in sa ƙarfe a wuta in yi maka sakiya, ka je ka kwanta."

"Ba ni da lokacin kwanciya."

"Raƙumi in ƙafarsa ta yi haka, wuƙa muke nema."

Harisu ya kwance layun da ke ƙugunsa, ya cire na damtse, ya zube su a gaban Mina. Ya ce yana son fata mai faɗi, daga tsakiyar cinya zuwa ƙasan gwiwa, a ɗinke ta a jikinsa, a matse iya matsewa. Layun kuma a jera su a waje, inda kowa zai gani.

Mina ta ɗaga laya ɗaya ta juya ta. "Ɗan'uwa, laya ba ta ɗaure jijiya."

"Ba don jijiya ba ne, Yaya Mina. Don hannun Nasara ne."

Hamadi ya bushe da dariya har rawaninsa ya zame. Ya gane. Duk Arlit babu wanda bai san labarin hannun Mushe Roni ba.

Sunansa na gaskiya Ronald Ackersby, bakin mutane ya kasa, ya koma Mushe Roni. Ba Bafaranshe ba ne, mutumin Ingila ne, daga wani garin masu haƙar kwal a arewacin ƙasar. Ubansa rami ya cinye shi. Shi ma da ya tashi rami ke jiransa, ƙwallo ta ɗauke shi. Ya yi wa wata ƙungiya ta rukuni na biyu tsaron baya, ana ta cewa manyan ƙungiyoyi na zuwa kallonsa. Ana nan gwiwarsa ta kumbura ana gobe wasan kofi. Mai horar da su ya sa aka yi masa allura, ya shiga fili ba ya jin komai, aka fito da shi a kan makara. Daga nan ya koma horarwa. Ƙananan ƙungiyoyi biyu suka kore shi a ƙasarsu, matarsa ta kwashe yara ta tafi. Ya gangaro Jos ya horar da ƙungiyar masu haƙar kuza, can ya tsinci Hausarsa mai ɗingishi irin ƙafarsa. Da kuza ta mutu ya ji labarin Arlit. Faransawan kamfani ba sa jin yarensa, shi ma ba ya jin nasu, ba sa gayyatarsa liyafa. Da 'yan wasansa yake shan shayi.

Doka ɗaya gare shi wadda ba ya ɗagawa. Kafin kowane wasa sai ya jera 'yan wasa a benci, ya durƙusa da ƙyar, ya bi gwiwoyinsu ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, yana lanƙwasawa, yana kallon fuskar mai ita. Wanda ya yamutsa fuska ba zai buga ba, ko ɗan darakta ne. 'Yan wasa suna kiran abin cinikin raƙuma.

Amma akwai abin da hannunsa ba ya taɓawa. Farkon zuwansa ya ga kambu a damtsen Jibrin mai tsaron gida, ya zaci wani ƙarfe ne da zai ji wa mutum ciwo, ya fizge ya jefar bayan katanga. Ranar ba a yi atisaye ba, kashegari ma haka. Maganar ta kai masallacin Juma'a, ta kai ofishin darakta. Sai da Mushe Roni ya je har ƙofar gidan liman, hula a hannu, ya ba da haƙuri, ya yi alkawari a gaban mutane cewa hannunsa ba zai ƙara sauka kan laya ba. Tun daga ranar, in ya ga jar fata a jikin ɗan wasa sai ya mai da hannuwansa baya ya wuce.

Mina ta jiƙa fatar don ta kama jiki in ta bushe. Tana ɗinki Harisu na cije bakin rigarsa.

"In yatsu suka yi sanyi, ka yanke," in ji Hamadi da zai tafi. "Ka ji ni? Ba wasa nake ba yanzu."

Bayan azahar ɗakin sa kaya ya cika da warin man zafi da zufa. Daga waje ana jin kalangu, ana jin motocin garin Anu Araren na shigowa da magoya bayansu, masu haƙar gawayin da ke ba garin wuta. Shekara biyu a jere su ke ɗauke kofin. Kowa a ɗakin ya san abin da darakta ya aika aka gaya wa Mushe Roni: in aka sake cin su, jirgin Alhamis da shi zai tashi.

"A jera, a jera, mai sayen raƙuma ya iso!" in ji Jibrin. "Mushe, nawa ka taya ni yau?"

"Kai tsohon raƙumi, ba mai saya," in ji Mushe Roni. Fuskarsa ja wur, rigarsa ta jiƙe. Ya durƙusa ya fara.

Harisu na can ƙarshen benci. Yana jin bugun jini a ƙarƙashin fatar kamar ana daka. Yana kallon farin kan nan na matsowa, gwiwa bayan gwiwa. Da Baturen ya iso ya miƙo hannu, sai hannun ya tsaya a iska.

"Harisu. Mene wannan?"

"Tsari ne, Mushe."

"Jiya babu."

"Yau malamina ya bayar. An ce 'yan gawayi sun yi aiki a kan ƙafata."

"Cire. Ni duba, ka mayar."

"A ɗinke take. Malam ya ce kada a kwance sai an tashi wasa."

Jibrin ya miƙe, dariyar ta bar fuskarsa. Shi bai san komai game da gwiwar ba, abin da ya sani jar fata ce.

"Mushe, kada mu koma gidan jiya. Ka yi alkawari a gaban liman. Yau kuma ba ranar rigima ba ce."

"Gaskiya ne," in ji wani daga baya. "A bar wa mutum tsarinsa."

Mushe Roni bai dube su ba. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya naɗe wandonsa na dama. Kowa ya taɓa ganin tabon, amma ba kusa haka ba. Ya faro daga cinya ya zagaya ƙoƙon gwiwar kamar an yi wa buhu ɗinkin gaggawa.

"Ni ba ya taɓa laya," in ji shi a hankali. "To kai faɗa mini da baki. Dubi wannan, faɗa mini. Ƙafa lafiya?"

Harisu ya dubi tabon. Ya tuna agogon Ahmudu.

"Lafiya lau, Mushe."

"Tashi. Tsalle."

Ya tashi. Ya yi tsalle, ya sauka yawanci a kan dama. Wuta ta taso daga gwiwar ta haye har keyarsa, amma fuskarsa ba ta motsa ba. Mushe Roni ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɗingishi ba a ɓoye masa ɗingishi. Harisu ya ga haka a idonsa, ya jira kalmar da za ta mai da shi rami.

Baturen ya sauke wandonsa, ya dafa benci ya miƙe, ya mai da hannuwansa baya.

"Lamba tara, Harisu," in ji shi, yana kallon bango.

A nan Harisu ya gane fatar nan ba shi kaɗai ta rufe ba.

Filin ba ciyawa, jar ƙasa ce da aka yayyafa wa ruwa da tanka, ta bushe tun kafin a busa usur. Mutane sun cika har kan katanga da rufin motoci. A rumfa darakta na zaune da matarsa da tabarau, kusa da su Mushe Zayyadu cikin farar shadda, ya harɗe hannuwa.

Wanda aka sa ya tsare Harisu wani ƙato ne baƙi, wuyansa kamar turmi. Tun kafin a taɓa ƙwallo ya dubi ƙafar ya yi murmushi.

"Baba, kantin malamai ka buɗe a gwiwa? Ko ƙafar aro ce?"

"Ka tambayi ragarku an jima."

Baki ne kawai. Ƙwallo ta farko da aka jefo masa a fili, wadda da can zai riske ta yana dariya, ya bi ta taku kaɗan ya ga ƙaton ya wuce shi. Ta biyu ya tare da dama, ya juya, ƙafar hagu ta ƙi biyo shi. 'Yan kallo suka fara.

"Harisu, tuwo ka ci da rana?"

"A ba shi kujera!"

Ya saci kallon rumfa. Mushe Zayyadu ya karkata yana gaya wa darakta wani abu a kunne. Ana cikin haka 'yan gawayi suka sako wata daga nesa, ta daki ƙasa a gaban Jibrin ta yi tsalle ta wuce kafaɗarsa. Gefensu ya kaure da ihu. Aka tafi hutu da ɗaya da nema.

Harisu bai shiga ɗaki ba. Ya zagaya baya inda tankin ruwa yake, ya dafa ƙarfe ya amayar da abin da ke cikinsa. Fatar ta bushe ta kama shi kamar tarko. Ya taɓa yatsun ƙafarsa ta cikin takalmi, bai ji su ba. Da ya ɗago, Mushe Roni na tsaye.

"Fatahu yana benci," in ji Baturen. "Ƙafa biyu gare shi."

"Mushe, don Allah."

"Na gani. Kowa ya gani."

"In ka fitar da ni, gobe da asuba ina rami." Harisu ya kama hannun rigarsa, abin da bai taɓa yi ba. "Ka ce mini ubanka ma can ya ƙare. Kai ka ce mini, muna shan shayi. Wana haka ya ƙare. Ina da 'ya'ya biyu suna karatu a lekol. Ka bar ni in gama wasan nan, in ya so gobe a sare ƙafar."

"Kada ka ce haka. Ba ka san shi ba. Ni na sani."

"To ka fitar da ni, ka sa Fatahu. Fatahu zai ci maka? Tun da aka fara shekara ya ci ko ɗaya?"

Mushe Roni ya juya ya dubi rumfa. Daga nan ana hango farar shaddar da tabarau. Leɓɓansa sun tsage don zafi. Mutum ne da ya haura hamsin, ba mata, ba gida, ƙasashe biyu sun riga sun gaji da shi.

"Bayan Arlit babu wani wuri," in ji shi, ba da Harisu yake ba. "Nan ne ƙarshen hanya."

Kalangu na ta kiɗa. Alƙalin wasa ya fito yana duba agogo.

"Kada ka gudu," in ji Mushe Roni, muryarsa ta koma ta aiki, idonsa bai sauka ƙasa da ƙirjin Harisu ba. "Gudu babu. Tsaya gaban raga kamar icce. Zan ce su jefo sama, kullum sama. Kai da kai kawai. Tashi da dama, sauka da dama. Ka ji?"

"Na ji, Mushe. Allah ya saka."

"Kada ka sa Allah a wannan," in ji Baturen, ya wuce.

Haka aka yi. Harisu ya kafe a gaban raga, ƙwallo na ta zuwa ta sama. Ɗaya ya sa mata kai ya sauke wa na kusa da shi, wannan ya ɗirka ta a raga. Ɗaya da ɗaya. Masu cewa a ba shi kujera su ne suka fara kiran sunansa. Mushe Zayyadu ya kwance hannuwansa. Harisu bai ji daɗin komai ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa kamar ba tasa ba, daga gwiwa zuwa sama wuta. Sau biyu yana kallon benci ya ga Fatahu ya miƙe yana motsa jiki, sau biyu ya ga Mushe Roni ya zaunar da shi.

Rana ta yi ƙasa, inuwar tulin duwatsun da aka fitar daga rami ta fara rufe filin, su Harisu suka sami bugun kwana. Ƙaton ya manne masa, yana huci a wuyansa.

"Baba, ka gaji. Je ka gida."

Ƙwallon ta taso. Harisu ya tashi da dama kamar yadda aka ce masa. Ya ji ta a tsakiyar goshi, ya san ta shiga tun bai gani ba. Amma ƙaton ya tashi tare da shi, kafaɗa ta buge kafaɗa, ya juya a iska. Da hagu ya sauka, nauyin mutum biyu a kanta. Abin ya yi ƙara kamar an karya busasshen icce.

Babu wanda ya ji sai shi. Filin ya tashi gaba ɗaya. Abokan wasansa suka sheƙo suka faɗa kansa, ɗaya bisa ɗaya, Jibrin ma ya baro ragarsa ya haye can sama yana ihu. Harisu na ƙasa yana kururuwa, su suna tsammanin murna yake. Sai da Mushe Roni ya iso da gudunsa na gurgu, yana fizge su yana jifa da su gefe, yana zagi da yaren da babu mai ji.

A asibitin kamfani likita Bafaranshe bai tambayi kowa ba, ya sa almakashi ya tsarge fatar. Abin da ke ƙasa ya yi baƙi. Ya yi magana mai tsawo da ma'aikacin jinya, ma'aikacin ya taƙaita wa Zinatu: jijiyoyin sun tsinke, ƙashin ya fashe, jini kuma ya daɗe bai gudana ba. Za a ceci ƙafar in Allah ya so, amma za a haɗe ta miƙe. Ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Daga gadonsa Harisu na jin garin na biki, motoci na zagayawa da kofi suna oda. Zinatu na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ba ta ce na gaya maka ba. Da ma ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Kashegari Mushe Roni ya zo da gwangwanin madara da lemo. Ya ja kujera ya zauna, ya miƙe tasa ƙafar.

"Ni ma haka na zama koci," in ji shi. "Gwiwa ya mutu, baki ya rage. Kai kana da ido, yara suna jin maganarka. Zan ce su ba ni mataimaki. Kai."

"Za su yarda, Mushe?"

"Na ci musu kofi. Za su yarda."

Harisu ya riƙe maganar nan duk tsawon kwanciyarsa. Da ita yake cin abinci, da ita yake juya dare. Har ya fara tsara wa Jibrin yadda zai gyara tsayuwarsa a raga, in ya zo dubiya.

Da aka cire filasta, Mushe Zayyadu ya kira shi ofis. Ya tashi ya gaishe shi da hannu biyu, ya ce duk kamfani na alfahari da shi, darakta ma ya ambaci sunansa. Sannan ya zauna ya yi bayani dalla-dalla. Aikin mataimakin mai horarwa babu shi a tsarin kamfani. Kujerar magaze ta 'yan wasa ce, an riga an ba ɗaya daga cikin yaran Yamai. Aikin Harisu na ainihi rami ne, likita kuwa ya ce mai ƙafa irin wannan ba zai shiga rami ba har abada.

"Ka ga ka huta da rami, Malam Harisu," in ji shi. "Sai dai gidan, ka san na ma'aikata ne. Ba gaggawa, zuwa ƙarshen wata."

Mushe Roni ya yi faɗa, wannan gaskiya ne. An ji muryarsa daga ofishin darakta har bakin titi, an ce ya buga tebur, ya ce in babu Harisu shi ma babu shi. Suka bar shi ya gama. Sannan suka tura masa sabuwar yarjejeniya ta shekara biyu, da gida mai na'urar sanyi, da mota. Ya zauna ya daɗe. Ya sa hannu.

Ranar tafiya bai zo tasha ba. Jibrin ne da Hamadi suka ɗora kayan, katifa da tukwane da keken ɗinkin Zinatu, a bayan babbar motar da za ta bi ta Agadas zuwa Damagaram. Su biyu suka cicciɓi Harisu suka zaunar da shi a kan buhu, ƙafar ta miƙe sambal a gabansa. Yaran suka lafe a jikin uwarsu. Fasinja na ta hawa, wuri ya fara ƙarewa.

Ɗan kamasho ya hayo yana shirya mutane, ya tsaya a kansa.

"Malam, naɗe ƙafa mana, jama'a za su zauna."

"Ba ta naɗuwa."

"Kai, ka san wa kake wa magana?" in ji Jibrin daga ƙasa. "Wannan ne ya ci kofi!"

"Allah ya ƙara ɗaukaka," in ji ɗan kamashon. "Amma ƙafar ta cinye wurin mutum guda. Ko ya naɗe, ko ya biya mata."

Jibrin ya fara zagi, Harisu ya ɗaga masa hannu. Zinatu ta kwance bakin zanenta, ta biya wa ƙafar kuɗin mota.